Babi na Biyar: Hannu Biyu a Ƙirji

Ranar da na fara shiga gidan mutanen Tailan a matsayin baƙo, kuskure biyu na tafka tun kafin in zauna. A wani ƙauye ne na lardin Khon Kaen, a yankin Isan da ke arewa maso gabashin ƙasar, inda abokin tafiyata ya kai ni in gaishe da kakansa na wajen uwa. Mun tarar da tsohon a kan gadon gora a ƙarƙashin gida, domin tsofaffin gidajen yankin a kan dirkoki ake ɗora su, inuwar ƙasan ita ce zaurensu. Shekara biyu rabon abokina da ƙauyen. Ya sauke jaka, ya rage tsawo, ya haɗa tafin hannayensa biyu ya ɗaga har manyan yatsunsa suka taɓa hanci, ya sunkuyar da kai. Tsoho ya haɗa nasa hannayen a ƙirji, sannan ya kama damtsen jikan nasa ya ɗan matsa, ya ce, "Ka rame. Kun ci shinkafa?" Iyakar tarbar ke nan.

Ni kuwa sai na miƙa hannu biyu don musafaha, kamar yadda zan yi wa dattijo a gida. Tsohon ya dubi hannun, ya yi murmushi, ya kama 'yan yatsuna a hankali kamar mai taɓa ƙwai, ya saki. Can wani yaro ɗan wajen shekara tara ya kawo mana ruwa, na shafa kansa na sa masa albarka. Yaron ya ɗan noƙe. Ba wanda ya ce uffan. Sai da dare abokina, wanda ke kira na phi, wato yaya, saboda na girme shi da shekara uku, ya ce, "Phi, kaka ya ji daɗin zuwanka ƙwarai. Amma gobe idan mun je gidan gwaggona, hannu kawai za ka haɗa. Kan yara kuma ka bar wa iyayensu."

Wannan haɗa hannu shi ake kira wai, kuma yana da hawa-hawa. Idan tsararka za ka gaisar, manyan yatsu a haɓa suke tsayawa. Idan iyaye ne ko malami ko wani babba, su kai hanci. Idan sufin addinin Buddha ne ko siffar Buddha, su kai tsakanin gira. Ƙarami ne ke farawa, babba ya amsa da hannu a ƙirji ba tare da ya sunkuya sosai ba. Babba ba ya fara yi wa yaro wai, har tsofaffi na cewa yin haka na rage wa yaro kwana. Shi ya sa da wuya mutum biyu su daɗe da haɗuwa a Tailan ba su tambayi juna shekaru ba. Sai an san wane ne phi, wane ne nong, wato ƙane, kafin hannu ya san inda zai tsaya.

Kai da ƙafa

Wanda yake so ya fahimci dalilin da ya sa runguma ta daɗe ba ta samu gurbi ba a Tailan, sai ya fara da yadda suke kallon jiki. A wurinsu kai ne mafi daraja, nan ne mazaunin khwan, wani ruhin rayuwa da suka yi imani yana iya firgita ya gudu ya bar mutum cikin ciwo ko damuwa. Ƙafa ita ce mafi ƙasƙanci. Ba a nuna abu da ita, ba a miƙe ta ta fuskanci mutum, ba a tsallake wanda ke kwance ko kwanon abinci. Yaro mai tarbiyya idan zai gitta ta gaban manya da ke zaune, yana duƙawa don kada kansa ya fi nasu tsawo. Bahaushen da ya tashi yana durƙusa wa iyaye, yana cire takalmi a ƙofar malam, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Inda muka raba hanya shi ne shafa kai. A wurinmu shafa kan yaro, musamman maraya, lada ne da tausayi. A wurinsu hakkin na gida ne, baƙo ba ya kai hannu can.

To runguma kuwa takan jera kai da kai, ƙirji da ƙirji, ta goge bambancin tsawo baki ɗaya. Jika da ya rungume kakansa a tsaye, kansa ya haura na tsohon, hannunsa ya zagaya wuyansa. A idon mutanen da, wannan ya fi kusa da raini.

Babu inda ƙa'idar taɓa jiki ta fi tsanani kamar tsakanin mata da sufaye masu rawayar tufa. Sufi na bin dokoki 227, kuma al'adar Tailan ta ƙara tsaurara wadda ta shafi mata. Mace ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Yakan shimfiɗa wani ƙyalle, ya riƙe bakinsa, ita kuma ta ɗora sadakarta a kai. A jirgin ƙasan cikin birnin Bankok akwai kujerun da aka ware wa sufaye, mata na kauce musu. Samari da yawa kan shiga sufanci na ɗan lokaci, makonni ko watanni, don samar wa iyaye lada. Daga ranar da aka aske kan saurayi aka sa masa tufar, mahaifiyar da ta haife shi ba za ta ƙara taɓa shi ba har ya fita. Ita ce ma za ta yi masa wai, shi kuma ba zai mayar ba, domin sufi ba ya mayar da wai ko ga sarki.

Abin da doka ta iya da wanda ta kasa

Baƙo kan ɗauka waɗannan al'adu haka suke tun fil'azal. Tarihi ya nuna an sha taɓa su, kuma daga sama. A 1873 Sarki Chulalongkorn, wanda ake kira Rama na Biyar, ya soke zubewa ƙasa a gaban sarki da manyan fada, ya ce a riƙa tsayawa ana rusunawa, domin ya ga al'adar na danne talaka. Bayan fiye da shekara tamanin, a zamanin mulkin soja na Sarit Thanarat a ƙarshen shekarun 1950, aka sake farfaɗo da ita a bukukuwan fada.

A zamanin Sarki Chulalongkorn ne kuma aka yi abin da har gobe ake ba da labarinsa. Ranar 31 ga Mayu 1880 jirgin ruwan da ke ɗauke da Sarauniya Sunanda ya kife a kogin Chao Phraya a kan hanyar fadar Bang Pa-In, ta rasu tare da 'yarta. Labarin da ya yaɗu a bakin jama'a shi ne wai mutane na tsaye suna kallo, ba wanda ya kai hannu, saboda tsohuwar doka ta haramta taɓa jikin 'yan sarauta. Masu binciken tarihi sun nuna cewa matuƙa sun faɗa ruwa sun ciro su, rai ne ya riga ya yi halinsa. Amma yadda mutane suka riƙe labarin farko suka ƙi saki ya isa ya nuna girman da taɓa jiki ke da shi a zukatansu.

Babban mai gyaran gaisuwa shi ne Firaminista Plaek Phibunsongkhram, ko Phibun a taƙaice, sojan da ya hau mulki a 1938. Shi ya sauya sunan ƙasar daga Siyam zuwa Tailan a 1939, ya kuma fitar da jerin umarni 12 na al'ada tsakanin 1939 da 1942, da nufin nuna wa duniya cewa ƙasarsa ta waye. Aka ce maza da mata su riƙa sa hula irin ta Turawa da takalmi. Aka hana taunar mak, wani ɗan itace da suke ci kamar yadda muke cin goro. Har kwaɗaitar da magidanta aka yi su sumbaci matansu kafin su fita aiki. A wannan guguwa ce kalmar sawatdi ta zama gaisuwar hukuma a 1943. Wani malamin harshe na Jami'ar Chulalongkorn, Phraya Upakit Silapasan, shi ya ƙirƙiro ta daga kalmar Sanskrit mai nufin alheri da lafiya. Namiji ya ƙara khrap a ƙarshenta, mace ta ƙara kha. Kafin nan, mutane da tambaya suke gaisawa: ina za ka, daga ina, ka ci shinkafa?

Phibun ya sauka a 1944, hular ta bi shi, sumbar bakin ƙofa kuwa dama ba ta kama ƙasa ba. Sawatdi ce ta zauna daram, har yau yaran Tailan da yawa ba su san kalmar ba ta cika shekara ɗari ba. Harshe ya karɓi sabuwar kalma cikin sauƙi saboda ta dace da haɗa hannun da aka gada. Jiki bai karɓi umarnin ba, don babu wata buƙata da mutanen wancan lokaci suke ji wadda sumba za ta biya musu.

Inda ƙauna ke bi

Kada mai karatu ya ɗauka mutane ne masu sanyin zuciya. Ƙauna na da hanyoyinta. Ta farko ita ce tukunya. "Ka ci shinkafa?" a bakin uwa ya ƙunshi duk abin da ba za ta faɗa ba. A daren nan na ƙauye, tsohon da bai rungumi jikansa ba shi ya zauna yana tura masa kwandon shinkafa mai danƙo, yana zaɓo masa tsokar kifi, yana faɗa wai Bankok ba ta ciyar da mutane. Na tuna iyayenmu mata masu alkunyar ɗan fari, waɗanda ba sa kama sunansa balle su rungume shi a gaban jama'a, amma ƙasan tukunya da naman da aka ɓoye nasa ne. Suna kuma da wata kalma, kreng jai, wadda fassararta mafi kusa ita ce kara: ka danne buƙatarka don kada ka ɗora wa wani nauyi ko ka sa shi jin kunya. Karar ce ta hana kowa gyara mini kuskure a gaban tsoho.

Hanya ta biyu ita ce hom kaem. Uwa ko kaka ta manna hancinta a kumatun yaro, leɓe a rufe, ta shaƙi ƙamshinsa da ƙarfi. Masoya ma suna yi wa juna a keɓe. A Isan da arewa akwai bikin kiran khwan, inda dattawa ke ɗaura farin zare a wuyan hannun wanda zai yi tafiya, ko ya dawo, ko ya tashi daga ciwo, suna shafa zaren a fatarsa suna yi masa fatan alheri. 'Yan mata ƙawaye na tafiya riƙe da hannun juna ba mai kallonsu. Jikoki na danna wa kakanni ƙafa da baya da yamma. Tausar Tailan ma, wadda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019, kuma ake koyar da ita a haikalin Wat Pho na Bankok, mai yin ta kan fara da wai kafin ya kai hannu. Taɓawa tana nan da yawa, sai dai kowace da ƙofar shigarta.

A lardunan kudu irin su Pattani da Yala da Narathiwat, inda Musulmi Malayu suka fi yawa, Bahaushe zai ji kamar yana gida. Sallama ake yi, a haɗa hannu biyu a hankali, kowa ya mayar da nasa ƙirji, yaro ya kai hannun babba goshinsa. Namiji da namiji, mace da mace.

Yadda runguma ta shigo

Abin da umarnin Phibun ya kasa, tashar mota da filin jirgi sun yi shi sannu a hankali. Tun shekarun 1960 matasan Isan da arewa ke kwarara Bankok neman aiki, daga baya wasu suka wuce Saudiyya, Taiwan, Koriya ta Kudu da Isra'ila. Miliyoyin yara sun tashi a hannun kakanni, suna ganin iyaye sau ɗaya ko biyu a shekara. Wanda ya tsaya a tashar motar Mo Chit ana gab da bikin sabuwar shekara na Songkran, ko a ƙofar fitowa ta filin jirgin Suvarnabhumi, zai ga abin da ke faruwa. Mace ta fito da akwati, ta hango mahaifiyarta, ta haɗa hannu a hanci, kafin hannun ya sauka ta faɗa jikinta. Yaron da ya shekara uku yana ganin ubansa a fuskar waya ba ya tsayawa lissafin inda yatsa zai kai.

Iyali ma ya tsuke. Daga 1963 zuwa 1983 ana haihuwar yara fiye da miliyan ɗaya kowace shekara a Tailan. A 2024 adadin bai kai dubu 500 ba. Gidan da ke da yara bakwai dole ya yi tsari irin na hawa-hawa, manya su kula da ƙanana. Gidan bene mai ɗaki biyu da ɗa ɗaya tilo, uwa da uba da yaro a kujera ɗaya suke kallon talabijin. Likitocin yara da masu ba iyaye shawara a Facebook na ta nanata cewa a rungumi yara, a faɗa musu ana son su. Ga finafinan Amurka da wasannin Koriya, ga baƙi 'yan yawon buɗe ido da suka kusa miliyan 40 a 2019, ga aure da Turawa da ya yawaita a ƙauyukan Isan.

Ranar Uwa, 12 ga Agusta, ita ta fi nuna yadda tsoho da sabo suka gauraya. A makarantu ana jera iyaye mata a kujeru. Yaro ya rarrafo da furen yasmin, ya zube ya ɗora goshi a kan haɗaɗɗun hannayensa a ƙafar uwarsa. Wannan shi ne krap, gaisuwa mafi girma. Sannan uwa ta ɗago shi ta ƙanƙame, kowa na hawaye, wayoyi na ɗauka. Haka aka gani a Paris a Agustan 2024, lokacin da Panipak Wongpattanakit ta sake cin zinare a wasan tekwando na Olamfik, ta zama 'yar Tailan ta farko da ta ci sau biyu. Ta rungumi kocinta, Choi Young-seok, haifaffen Koriya, ta kuma zube ta yi masa krap a gaban duniya. 'Yan ƙasarta ba su ga saɓani tsakanin biyun ba.

Wai ɗin kansa ya sauya aiki. Ya shiga kasuwa. Ma'aikatan jirgin sama da na otal na yi wa kowane baƙo, ko da sa'ar ɗansu ne, har gunkin Ronald McDonald da ke ƙofar shagunan McDonald's a Tailan hannu haɗe yake tsaye. Tsofaffi na ƙorafin cewa wai ɗin yaran yanzu na gaggawa ne, waya a tsakanin tafuka, kai bai ko sunkuya ba. Sai ga annobar korona, wadda a Tailan aka fara tabbatar da ita a wajen Sin, ranar 13 ga Janairu 2020. Duniya ta bar musafaha ta koma gaisuwa da gwiwar hannu, mutanen Tailan kuwa suka ga gaisuwar kakanninsu ta zama abin koyi.

Wa ya yarda?

Canjin da ya fi zurfi a wajen matasa yake, kuma bai tsaya a runguma ba. A Agustan 2017, Netiwit Chotiphatphaisal, shugaban majalisar ɗalibai ta Jami'ar Chulalongkorn, ya fice tare da wasu abokansa daga bikin da sababbin ɗalibai ke zama a ƙasa suna mubaya'a a gaban mutum-mutumin sarakunan da suka kafa jami'ar. A tsaye suka rusuna. Hujjarsu ita ce, sarkin da ake girmamawa ɗin shi ya soke zubewa a 1873. Aka tube shi daga muƙamin. A 2020 'yan sakandare suka kafa ƙungiyar da suka raɗa wa suna Miyagun Ɗalibai, suna adawa da askin dole da dukan da malamai ke yi musu. Abin lura shi ne, malamin da ke datse gashin ɗaliba da almakashi a gaban aji, kanta yake taɓawa, wurin da al'ada ta ce ya fi ko'ina daraja. A tsohon tsari yana da wannan dama saboda shi ne babba. Yaran suka ce ba su yarda ba.

Haka batun Songkran, bikin sabuwar shekara na 13 zuwa 15 ga Afrilu. Asalinsa zuba ruwa mai ƙamshi ne a tafin hannun dattawa don neman albarka. A titunan birni ya zama wasan watsa ruwa da shafa farin alli a kumatu, wasu maza kuma suka mayar da shi damar taɓa matan da ba su sani ba. A 2018, da wani jami'in gwamnati ya shawarci mata su gyara shigarsu don kauce wa haka, Cindy Bishop, fitacciyar mai tallan kaya da wasan kwaikwayo, ta fara gangamin da ya mayar da laifin kan masu kai hannun. Ke nan tsarar da ta fi kowace yawan rungumar abokai ita ce kuma ta fi dagewa cewa ba a taɓa mutum sai da izininsa. A da, tambayar da ke gaban hannu ita ce wa ke sama da wa. Yanzu an ƙara wata: shin mai jikin ya yarda?

Ranar da za mu bar ƙauye, abokina ya durƙusa ya yi krap a ƙafar kakansa, tsoho ya ɗaura masa farin zare, ya dafa kansa. Ƙanwarsa 'yar jami'a, wadda za mu rage wa hanya, ta yi nata wai ɗin, sannan ta zagaye tsohon da hannu biyu ta gefe, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Ya sandare kamar an dasa shi, hannayensa a iska, yana cewa, "Ke, za ki karya ni." Amma bai ture ta ba. Can ya sunkuya ya shaƙi gashinta sau ɗaya, ya ce a sa buhun shinkafa a bayan mota.

Mun yi nisa a hanya kafin abokina ya yi magana. Ya ce 'yarsa mai shekara huɗu ba ta barinsa ya fita aiki sai ya ɗauke ta ya rungume, kuma shi ya koya mata. Na ce to kakan fa? Ya yi dariya, ya gyara zaren da ke hannunsa. "Phi, sau biyu ina niyya. Da na matsa kusa sai hannuna ya haɗe da kansa."